Ambulan Uku A Jakar Ma'aji

Ina rubuto muku daga Amurka, inda aiki ya kawo ni da iyalina. Abin da zan ba ku labari ya faru a shekarar 2023, har yanzu kuwa in na tuna sai in ji kunya kaɗan.

Ekklisiyar da muke sujada tana da ɗakin ajiyar abinci domin matalauta. A nan ma akwai masu kwana da yunwa, kada kowa ya ruɗe ku. Da rani ya ƙare, abinci ya yi ƙasa a ɗakin, sai matasa suka kawo shawara a yi gasar golf na faifai, abin da aka samu a sayi abinci. Dattawa suka yarda. Da aka zo neman ma'aji sai ido ya faɗo kaina, wai don ina aikin lissafi. Ni kuwa ban taɓa jefa faifan nan ba ko sau ɗaya.

Bari in bayyana wasan, gama da yawanku ba ku san shi ba. Faifan na roba ne, bai kai faifan rufe ƙwarya faɗi ba, nauyinsa ba ya wuce giram 200. Ana kafa kwando na ƙarfe a kan sanda, da sarƙoƙi suna rataye a bisansa. Mutum ya tsaya can nesa ya jefa, inda faifan ya faɗi nan zai tsaya ya sake jefawa, har ya shiga. Sarƙoƙin su ne suke tare faifan ya faɗa cikin kwandon. Yawanci kwanduna 18 ne a fili, a tsakanin itatuwa da tuddai. Wanda ya gama da jifa mafi kaɗan shi ya ci. Wani mutum mai suna Ed Headrick shi ya kafa fili na fari mai wuraren jifa na dindindin a Oak Grove, kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya, a 1975. A 1976 ya kafa ƙungiyar 'yan wasan da ake kira PDGA, shi ne kuma ya ƙago kwandon nan mai sarƙoƙi. Yin gasa domin taimakon mayunwata ma tsohuwar al'ada ce a wurinsu. Akwai wadda ake kira Ice Bowl, da aka fara a Columbia ta jihar Misuri a 1987, ana yinta cikin tsananin sanyi.

To, muka zauna lissafi. In aka sa mutum huɗu a kowane kwando, a busa usur kowa ya fara a lokaci ɗaya, fili zai ɗauki mutum 72. Muka yanka kuɗin shiga dala 30, wato dala 2,160 ke nan in fili ya cika. Ba mu yi rajista da PDGA ba, domin muna so kowa ya shigo, har da tsofaffi da yara. Al'adar wasan ita ce a ba kowane mai shiga wata 'yar kyauta tun a bakin ƙofa. Muka ba da aikin faifai 72 masu sunan ekklisiya, dala 11 kowanne, ya tashi 792. Takardar izinin fili 150, inshora na yini ɗaya 100, kofuna da kyautar waɗanda suka ci 200. Zumuntar mata suka ce za su dafa abinci kyauta, a ba su 240 na cefane kawai. Duka 1,482. Na je gaban dattawa da gaba gaɗi na ce su sa ran dala 678, ban da kuɗin gefe. Wannan shi ne kuskurena na fari, na ƙidaya 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai.

Kuɗin gefen nan iri uku ne. Akwai kyautar mafi kusa da kwando: a zaɓi kwando ɗaya, wanda jifansa na fari ya fi kusa ya kafa 'yar tuta da sunansa, in wani ya fi shi ya matsar da ita. Wannan bai ci mana ko sisi ba, wata tsohuwa ta ba da bargon da ta saƙa, wani ɗan'uwa mai kiwon zuma ya ba da kwalba uku. Akwai jifan gyara: ka biya dala 2 a ba ka 'yar takarda, in jifanka ya ɓaci ka miƙa ta ka sake. Wannan kuɗi kai tsaye na ɗakin abinci ne. Na ukun shi ne asusun jifa ɗaya. Mai so ya sa dala 5, wanda ya jefa faifansa ya shiga kwando da jifa ɗaya tak ya kwashe duka. Abu ne mai wuyar gaske, mutum yakan yi shekaru yana wasa bai taɓa samu ba.

Wani dattijo a cikinmu ya ɗaga hannu a kan na ukun nan. Ya ce shi dai yana jin ƙanshin caca. Matasa suka ce, “Baba, ai gwaninta ce, ba ƙuri'a ake jefawa ba, kowace gasa haka ake yi.” Ya yi shiru, aka wuce. Ni ma na yi shiru, domin hankalina yana kan jimla. Ba wanda ya tambaya abin da za a yi da kuɗin in ba wanda ya ci.

Mahaifina ya yi shekaru yana ma'ajin ekklisiyar ƙauyenmu. Bai taɓa ƙidaya baiko shi kaɗai ba, sai da mutum biyu a zaune, kowa ya sa hannu a littafi. Yakan tuna mana yadda Manzo Bulus ya ƙi ɗaukar gudummawar Urushalima shi kaɗai, ya nemi ekklisiyoyi su zaɓi waɗanda za su tafi tare da ita, kamar yadda yake a Korintiyawa ta Biyu sura 8. Saboda haka na tanadi ambulan uku, na shiga, na jifan gyara, da na jifa ɗaya, na kuma roƙi wata 'yar'uwa ta zauna kusa da ni muna ƙidaya tare. A wannan kam na bi sawun tsoho.

Ranar Asabar ɗin muka tashi da ruwa. Ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne mai sanyi wanda ba ya ɗaukewa. Da yake mun bar mutane su biya a bakin fili, wanda ya leƙa taga ya ga hadari sai ya koma cikin bargonsa. Kuskure na biyu ke nan. Mutum 51 suka zo. Tun ana cikin wasa na yi lissafi a bayan wata takarda: 1,530 a cire 1,482, saura 48. Dala 48, 'yan'uwa, bayan wata biyu muna taro! Allah ya taimaka ciyawa tana santsi, jifa yana ɓaci, aka sayi jifan gyara har 90, ya kawo 180. Jimla 228. Ambulan na uku kuwa, mutum 40 suka zuba, dala 200 cif.

Aka gama kwanduna 18, ba wanda ya shigar da jifa ɗaya. Mutane suna ƙarƙashin rumfa suna cin abinci, kowa a jiƙe, kowa yana so ya tafi gida. Shugaban matasa ya matso ya raɗa mini, ya ce in juye ambulan ɗin a na ɗakin abinci, ai ba wanda zai tambaya, kuma don matalauta ne. Gaskiya maganar ta yi mini daɗi. 428 ya fi 228 daɗin faɗa a gaban dattawa. Na ma fara gaya wa kaina cewa da haka mun wanke kuɗin daga caca.

Na je inda uwargida take rabon shinkafa, na gaya mata da Hausa don kada a ji. Ba ta ko ajiye ludayi ba. Ta ce, “Maigida, da suka ba ka biyar biyar ɗin nan, me ka ce musu za a yi da shi?” Na ce na mai jifa ɗaya ne. Ta ce, “To, matalauta kake ji, ko kunyar dattawa?” Ta juya ta ci gaba da zuba wa yara.

Na tsaya a kan benci, na buga murfin tukunya. Na ce laifinmu ne, ba mu faɗa tun farko ba abin da za a yi da kuɗin nan in ba wanda ya ci, ga shi nan dala 200, masu shi su yanke. Waɗansu suka ce a ba ɗakin abinci. Waɗansu tsofaffin 'yan wasa suka ce al'ada ita ce ko a ajiye har gasa ta gaba, ko kuwa waɗanda suka zuba su yi jifa ɗaya ɗaya, mafi kusa ya ɗauka. Aka ɗaga hannu, masu son jifa suka rinjaya da kaɗan. Raina ya ɓaci, amma na riga na ce su yanke.

Suka yi layi cikin ruwa. Wani saurayi baƙo, wanda ba ɗan ekklisiyarmu ba ne, ya sa faifansa taku biyu daga sanda. Muka ƙidaya masa kuɗin a gaban kowa, ya sa hannu a littafina. Ina tsaye ina jira ya ce ya bar wa matalauta, ko da rabi. Ya yi godiya da fara'a, ya sa a aljihu, ya shiga motarsa. A hanyar gida na yi ta gunaguni, uwargida ta ce halaliyarsa ce, in bar yaron mutane.

Ran Lahadi bayan sujada na karanta rahoto: dala 228, da faifai 21 da suka ragu a kwali. Na faɗi zancen ambulan na uku duka, har da abin da na so in yi. Dattijon nan bai ce ai na faɗa muku ba. Ya tambaya kawai ko an rubuta kome, na miƙa masa littafi. Aka yanke cewa nan gaba za a biya kuɗin shiga mako biyu kafin ranar, sa'an nan a ba da aikin faifai daidai yawan mutane. Kyautar jifa ɗaya kuma wani zai ba da ita tun farko, ba za a ƙara tara kuɗin 'yan wasa dominta ba, kowace doka kuwa a rubuta a manna a bakin fili.

Faifan da suka ragu na riƙa shimfiɗa su a kan tebur a ƙofar majami'a kowace Lahadi, dala 15 ɗaya. Kafin Kirsimeti an sayi 17, aka ƙara 255 a kan 228. Dattijon ya sayi biyu wa jikokinsa. Huɗun da suka saura na biya kuɗinsu na kai gida, da su yarana suke koya mini jifa a bayan gida.