Silifas a kan kwano

A da ba kowa ke hawa rufin kwano ba. Kafinta ne zai hau ranar da ya buga shi, sai kuma in ya fara yoyo a sake kiransa. Ko a zamanin soro hawan na magina ne, gab da damina, su yi yaɓe su gyara indararo, kuma saman soro a shimfiɗe yake, ƙasa ce a ƙarƙashin tafin ƙafa. Yanzu abin ya sauya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama na mai hali, sai ga duhun da ya rufe akasarin jihohin arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace. Duk wanda ya samu sarari ya ɗora farantan sola a saman ɗakinsa. Mai haɗawa zai ɗaure su can kusa da ƙololuwa, inda hannun ɓarawo ba zai kai ba, ya karɓi kuɗinsa, a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Malam, a riƙa wanke su." Wa zai wanke, a ina zai tsaya, da me a ƙafarsa, babu mai tambaya. Ni ma ban tambaya ba.

Wankin kuwa dole ne. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, tana da tsananin laushi. In ta kwanta a kan gilashi caji ya ragu, batir ba ya kai asuba. Saboda haka na zauna na karanci wankin sola ciki da bai. Na san ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar azahar, kada ya tsage. Na san soson ƙarfe yana karce shi, ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana bar masa tabo. Duk abin da zai cutar da farantin na haddace shi.

Wanda na tura ya hau ɗan yayata ne, ɗanta na fari, da yake zaune a gidana yana ƙarasa sakandare. Dalilina shi ne ni ina da jiki, in na taka kwanon zai lotsa, shi kuwa ba shi da nauyi. Wato har nauyin yaron na yi lissafi, amma don kwano na yi. Ya fito da sassafe da silifas ɗin da yake shiga banɗaki da su, waɗanda ƙasansu ya cinye ya yi sumul. Na gan su da idona. Ni na kaɗa garin sabulu a bokiti, alhali ruwa zalla da burushi mai laushi sun isa. Ni na riƙe tsani, kuma abin da na yi ta faɗa daga ƙasa shi ne ya bi gilashin a hankali.

Ya wanke layin sama. Ruwan kumfa ya bi ta ƙarƙashin farantan ya gangaro kan kwanon da zai taka in zai sauko, ya haɗu da ƙurar da ke kwance, suka zama laka mai yauƙi. Ya juyo zai karɓi bokiti na biyu da nake miƙa masa. Ƙafarsa ce ta fara zamewa a cikin silifas ɗin, sannan silifas ɗin ya zame a kan kwano. "Kawu!" kawai ya ce. Daga bakin rufin ɗakinmu zuwa siminti kusan mita 3 ne. Mai faɗowa daga mita 3 ba ya cika daƙiƙa ɗaya a iska, kuma yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 27 a awa. A cikin wannan ɗan lokacin babu wata dabara da jiki zai yi. A kan diddige ya dira.

Nan ma na ƙara wani kuskuren. Muka ciccibe shi, ni da maƙwabta, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, muka cusa shi a adaidaita. A asibiti likita bai fara da ƙafar ba, hoton baya ya ce a ɗauka. Ya ce wanda ya dira a kan diddige daga sama, ƙarfin bugun yakan bi ƙafa ya hau har ƙashin baya, kuma irin ɗaukar da muka yi masa tana iya mayar da tsagewa ta zama shanyewar jiki. Wanda ya faɗo daga rufi, in dai ba wani haɗarin ke tunkararsa a wurin ba, a bar shi a kwance, a tallafe kai da wuya, a ɗauke shi a miƙe a kan abu mai tauri. Allah ya rufa asiri bayan lafiya lau. Ƙashin diddigen dama ne ya farfashe. Ya daɗe yana dogara sanda, kuma ƙwallon da yake bugawa da yamma ya bar ta ke nan.

Masu zuwa dubiya kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, ni kuma na sami mafaka a cikin maganarsu na yi ta gyaɗa kai. Yaya da ta zo ko gefen gadon ba ta zauna ba, kara irin ta ɗan fari. Ni ta yi wa sannu da ɗawainiya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi, amma ba ƙaddara ce ta kaɗa sabulun nan ba, ni ne.

Bayan an sallame shi na shiga kasuwa na sayo ƙaton takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki, na ce daga yau duk mai hawa rufina shi zai sa. Wani dattijon kafinta da ya zo gyara kwanon da ya lanƙwashe ya ɗaga shi, ya juya, ya danna ƙasan da farce. "Malam, wannan na masu aikin kankare ne. Ƙusa yake tarewa, ba santsi ba." Ya ce manyan haƙoran ƙasansa an yi su ne su nutse a laka da tsakuwa, kwano kuwa babu inda za su nutse, sai ya zama a kan 'yan tsinin haƙoran kaɗai mutum yake tsaye. Ga tauri, ba ka jin abin da ka taka. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani kambas na gwanjo mai igiya, ƙasansa a shimfiɗe, da ƙananan tsaga birjik. Ya ce in danna. Robar ta lotsa ta dawo kamar abin goge fensir. A jaka yake ajiye shi, sai a gindin tsani yake sawa, don kada ƙasan ya kwaso yashi ko baƙin mai daga hanya, kuma kafin ya taka kwano sai ya goge shi da tsumma. In tsagar ta shafe, ko robar ta tsufa ta yi ƙyalli, takalmin ya koma na zuwa kasuwa.

Na tambaye shi masu hawa ba takalmi fa, tunda su suka fi yawa. Ya ce tafin ƙafa yana kama busasshen kwano, amma da gumi ya tsatso shi ke nan, kuma in rana ta ɗaga kwanon yana ƙuna, mai jin ƙuna kuwa sauri yake yi. Ga tsatsa da kan ƙusa. Silifas, sau-ciki mai ƙasan fata, takalmin roba mai tauri da ke ƙara sandarewa da sanyi, da dogon takalmin ruwa da ƙafa ke yawo a cikinsa, duk ya haɗa su a kwando ɗaya.

Ƙananan tsagar nan suna da tarihi. Wani Ba'amurke mai suna Paul Sperry, mai sha'awar tuƙa jirgin ruwa, santsi ya taɓa jefa shi cikin teku daga kan jirginsa. Daga baya ya lura karensa yana gudu a kan ƙanƙara ba ya zamewa, ya duba tafinsa ya ga tsaga-tsaga, sai ya sa wuƙa ya tsattsaga roba haka. A 1935 takalminsa ya shiga kasuwa. Aikin tsagar shi ne ta ba ruwa hanyar fita don roba ta taɓa abin da aka taka kai tsaye.

Sai dai a nan ne na gano takalmi ma yana da iyaka, kuma lissafin a fili yake. Injiniyoyi suna auna riƙon da ke tsakanin takalmi da abin da ya taka da lamba, kuma kowane gangare yana da lambar da yake nema kafin mutum ya iya tsayawa a kansa. Rufi mai gangaren digiri 15 yana neman 0.27. Mai digiri 30 yana neman 0.58. Mai digiri 45 yana neman 1 cif. To, takalman aiki da ake kawowa daga Turai masu tambarin SRA, abin da aka nema daga gare su a tsohon tsarin gwaji shi ne 0.32 a kan tayil mai ruwan sabulu. Masu SRB kuwa 0.18 a kan ƙarfen da aka shafa wa gilisarin, SRC kuma shi ne wanda ya ci gwajin biyu. Ka ga ke nan takalmin da ya ci jarrabawar santsi, an jarraba shi ne don daɓe mai shimfiɗa. A kan jiƙaƙƙen kwano mai kumfa, a irin dogayen rufin nan masu tsini da ake yayi a sabbin unguwanni, tambarin bai yi wa kowa alkawarin komai ba. Da na sa wa yaron takalmi mafi tsada a ranar, da wuya ya tsira daga ruwan da na kaɗa.

Abin da ke riƙe kafintan shekaru a sama, tsarin aikinsa ne fiye da kambas ɗinsa. Ba ya taka inda ya jiƙa, yana tsara aikin yadda hanyar saukarsa za ta zauna a bushe. A layin ƙusa yake ɗora ƙafa, don nan ne katako yake a ƙasa. Tsohon rufin asbestos da farin kwanon nan mai shigo da haske ba ya taka su sam sai ya shimfiɗa falanki, domin burmawa suke yi ba gargaɗi. Tsaninsa yana zarce bakin rufi da kusan mita 1, gindinsa yana nesa da bango da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin inda ya jingina, kuma a ɗaure yake daga sama. Ba ya hawa da kaya a hannu, da igiya ake miƙa masa. Kafin komai sai ya duba inda wayar wuta ta ratso daga falwaya, kuma ya tuna mini cewa farantan sola suna ɗauke da wuta muddin akwai haske, ko an kashe na'urar da ke ɗaki, don haka tsagaggen faranti ko wayar da ta ɓare ba a kai musu ruwa. In rufin ya cika gangare sai ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi, a ɗaure ta a abin da zai iya ɗaukar mutum. Igiya a ƙugu kawai, in an faɗa, ita kanta tana iya yin illa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Bayan haɗarin hanya, babu haɗarin da ya kai faɗuwa kisa. A Birtaniya dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005 abin da ta sa a gaba shi ne a guji hawan gaba ɗaya in aikin zai yiwu daga ƙasa. Nan ya kamata in fara tun ranar da mai haɗa sola ya zo.

Daga ƙarshe na sa an sauko da farantan, mai walda ya yi musu rumfar ƙarfe a tsakar gida, ya ɗaure su da noti irin wanda ba ya kwancuwa da sifana ta gama-gari. Na rasa ɗan hasken yamma saboda inuwar katanga, na kuma riƙa jin tsoron ɓarayi na ɗan lokaci. Yanzu ina tsaye a ƙasa nake wanke su da burushi mai dogon mariƙi.

A layinmu har yanzu almajirai da yaran gida ake turawa sama, da bokiti da silifas, a ba su na kashewa. Na yi wa maƙwabcina magana, wanda da shi aka ciccibi yaron nan zuwa adaidaita. Ya ce, "Haba Malam, ai yaran nan sun saba." Na ce nawa ma ya saba. Bai sauko da farantansa ba, ya ce kuɗin walda ya yi yawa a yanzu. Amma nasa suna kusa da bakin rufi, mariƙin yana kaiwa daga kan ɗaurarren tsani, don haka yakan aiko a karɓi burushin.