Malamin da ba ya cikin takardar albashi

Tun da aka ƙaddamar da N-Power a 2016, makarantun firamare a Batsari da Safana suka samu malamai iri biyu: na dindindin, da matasan da Abuja ke biya naira 30,000 a wata a wancan lokacin. Daga baya gwamnatin Masari ta kawo S-Power a kan wannan salo. Na koyar tare da irinsu, kuma ba ƙarancin kuɗin ne ya fi damuna ba.

Ƙarfin ƙungiyar malamai ta NUT daga takardar albashi yake fitowa, domin a nan ake cire kuɗin ƙungiya duk wata. Wanda sunansa ba ya ciki, ƙungiya ba ta san da zamansa ba. Hedimasta ke ba shi aiki, wani can ke biyansa, tamkar ma'aikacin bankin da kamfanin dillancin ma'aikata ya turo. In alawus ya maƙale, wa zai kai wa kuka? In aka shiga yajin aiki kuwa, shi ke riƙe da alli, ba don ƙin abokan aikinsa ba, sai don tsoron a soke sunansa. Aji a buɗe, gwamnati ba ta gaggawar zaman sulhu.