Morbiyan: inda iska ke tura jirgi

A yammacin ƙasar Faransa, cikin yankin Bretanye, akwai wani wuri da ake kira Morbiyan. Da harshen mutanen wurin, sunan yana nufin ƙaramin teku. Ruwan teku ne ya shigo cikin ƙasa ta wata ƙofa mai faɗin kilometir 1. Tsibirai wajen 40 ne a ciki. Babban garin wurin shi ne Ban.

A nan mutane ke fita yawo da ƙananan jirage tun da safe, su komo da marece. Ba kamun kifi ke kai su ba. Jirgin yana ɗaukar mutum 3 ko 4. A tsakiyarsa an kafa doguwar sanda, an ɗaura mata babban ƙyalle. Iska ke bugun ƙyallen, jirgi ya tafi. A ƙarƙashi akwai ƙarfe mai nauyi da ke hana shi kifewa.

Jirgin ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In daga gaba take busowa, sai matuƙi ya karkata dama, ya karkata hagu, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. Tafiya ta yi tsawo, amma ana isa.

Abin da ya fi iska wuya shi ne ruwan kansa. Sau 2 a yini teku yana cika, sau 2 yana janyewa. Wata ne ke jan sa. Awa 6 yana hawa, awa 6 yana sauka, kuma duk ruwan nan ta ƙofa guda yake bi. Kusa da ƙofar, gudunsa yana kai kilometir 16 a awa. Ƙaramin jirgi ba ya wannan gudu. Wanda ya yi gardama da ruwa, baya zai ga yana komawa, ko da ƙyallensa cike yake da iska.

Shi ya sa kafin a fita ake duba takardar lokutan ruwa, a saurari labarin iska a rediyo, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa. Mai sakaci kuwa, ruwa ya janye ya bar shi bisa laka, jirgi a kwance gefe guda, sai ya jira awoyi.

In hatsari ya faru, akwai ƙungiyar ceto mai suna SNSM, wadda aka kafa a 1967. Ƴan sa kai ne, dare ko rana suna fita.