Ajiyar Ruwan Ceri Cikin Ƙanƙara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata dabarar tanadi da na koya a nan ƙasar Turkiyya, inda na ke zaman karatu.

Akwai wani ɗan itace a nan da Turawa ke kira ceri. Girmansa kamar na kanya, ja wur, da ƙwallo guda a ciki. Iri biyu ne. Mai zaƙi, mutanen ƙasar na ce masa kiraz, kuma Turkiyya na cikin ƙasashen da suka fi nomansa a duniya. Mai tsami kuwa su kan ce bishne, ana samunsa da yawa wajen Afyon da Kutahya. Ruwan mai tsamin a ka fi sha, ɗanɗanonsa kamar zoɓon da ba a cika wa sukari ba. Sai dai kakarsa gajeruwa ce. Tsakanin Yuni da Yuli zai cika kasuwa ya yi arha, kafin ka farga ya wuce sai baɗi. Saboda haka tsohuwar da na ke haya a gidanta ba ta wasa da waɗannan makonni, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda mu ke yi. A wanke 'ya'yan sarai, a cire tsinke, a zubar da wanda ya ruɓe. A fid da ƙwallon ba tare da an fasa shi ba, domin akwai guba cikin ƙwayarsa. A zuba a tukunya da ɗan ruwa kaɗan, a ɗora a wuta marar ƙarfi kamar minti 10, har ya saki ruwansa. Sa'an nan a tace da farin ƙyalle mai tsabta, a bari ya huce, a ɗura a ƙananan gorunan roba. Kada a cika su fal. A bar wuri kamar faɗin yatsa biyu, don ruwa in ya daskare ya kan ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100, har ya fasa kwalba. A rubuta kwanan wata a jiki, a jera cikin firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. A haka ya kan yi wata 8 zuwa 12 da launinsa da ɗanɗanonsa.

Dalilin zaɓen ƙananan goruna shi ne sun fi saurin daskarewa. Wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, ya lura da amfanin wannan sa'ad da ya zauna a Labrador ta ƙasar Kanada, inda ya ga kifin da ya daskare nan take bai sāke ɗanɗano ba. Daga nan ya ƙago injin daskarar da abinci cikin shekarun 1920. Ban da haka, ƙaramin gora a zama ɗaya a ke shanye shi, ba a bar saura.

To, jama'a, ga inda maganar ta ke. Mutane da yawa na zaton ƙanƙara na kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kashe su, barci kawai ta ke sa su. Da zarar ruwan ya narke ya ɗumama, sai su farka su ci gaba da yaɗuwa, kuma ido ba ya ganinsu. Don haka a cikin firji a ke narkar da shi, a shanye cikin kwana biyu ko uku. Wanda ya narke ya wuni cikin zafi kuwa ba a mayar da shi firiza, balle a ba yara.

Abin da ya sa na ɗauki alkalami ke nan. Ceri ba ya yi a ƙasarmu, amma mangwaro da tumatir na yi, kuma kowa ya san tarin da ke ruɓewa a kasuwanninmu lokacin kakarsu. Dabarar nan za ta yi musu. Sai dai mu muna da matsalar ɗaukewar wuta. Firiza cikakke, in ba a buɗe shi ba, ya kan riƙe sanyi kamar awa 48, wanda ya ke rabi kuwa awa 24. Mai niyya ya auna wutar unguwarsu tukuna. In ta kan kwana uku ba ta zo ba, gara ya tsaya ga shanya kauɗar tumatir irin ta iyayenmu, da ya yi asarar kuɗi ya kuma ɓata cikin 'ya'yansa.

Ina fata malaman makaranta za su karanta wa almajiransu wannan, su kuma su kai gida.

Ni ne naka,
Wani ɗalibi, Konya.