Gyaran Dokar Wasan Gamin Gambiza

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili cikin jaridarmu mai farin jini, in ba 'yan'uwana malaman makaranta labarin wani wasan tamaula da na aro daga nesa, da abin da ya jawo mini, da gyaran da na ga ya kamata a yi wa dokarsa. Ni malami ne a nan Kashin Zama, ƙasar Aliero, kuma ni aka ɗora wa kula da wasan yara da la'asar.

Bari in fara da asalin wasan, don mai karatu ya gane inda na dosa. Mutanen ƙasar Ailan suna da tamaularsu ta gargajiya, wadda suka kafa wa ƙungiya tun 1884. Mutum 15 ke kowane gefe, tamaular kewayayya ce kamar tamu, ana bugunta da ƙafa, ana kuma kama ta da hannu, amma ba a rungumar mutum a ka da shi. Mutanen Ostareliya kuwa tasu dabam ce, an rubuta dokarta a birnin Melbon a 1859. Mutum 18 ke kowane gefe, tamaular mai siffar ƙwai ce, kuma an yarda a cafke wanda ke riƙe da ita a kai shi ƙasa. Da ya ke kowace ƙasa ba ta da abokin karawa a waje, sai suka nemi juna. A 1967 mutanen Ostareliya suka ziyarci Dablin, suka buga wasan masu gida, har suka ci zakarun shekarar. A 1984 aka fara karawa sosai tsakanin ƙasashen biyu, da dokar da aka tsinto nan aka tsinto can. Shi ya sa na ke kiransa gamin gambiza.

Ga yadda aka yi rabon. Daga Ailan aka ɗauki kewayayyar tamaula, da fili mai kusurwa huɗu, da raga, da mai tsaron gida, da mutum 15. Daga Ostareliya aka ɗauki kamu, watau cafke mutum tsakanin kafaɗa da cinya, da kuma cafe, watau wanda ya cafke tamaular da aka bugo daga nesa tun ba ta taɓa ƙasa ba, sai a ja masa da baya ya buga abinsa a natse. Turaku 4 a ke kafawa kowane gefe. Jefawa cikin raga maki 6 ne, ta saman sandar raga tsakanin turakun tsakiya maki 3, tsakanin turken tsakiya da na gefe maki 1. Ana wasa kashi 4, kowane kashi minti 18. In mutum ya dubi wannan rabo a takarda sai ya ce babu wanda aka zalunta. Haka ni ma na ce.

Wani tsohon ɗalibina ne ya nuna mini hoton wasan cikin wayarsa, na gani na ce na sami maganin abin da ya daɗe yana damuna. Yarana kashi biyu ne. Akwai 'yan tamaula, sirara masu sauri, waɗanda ba su da zance sai na ƙwallon Ingila. Akwai kuma ƙarfafa, waɗanda in kaka ta yi ba a raba su da fagen kokawa. Ɗan kokawa ba ya shiga tamaula, don yaro ƙarami sai ya zura masa ita ta tsakanin ƙafafu, a yi masa dariya. Ɗan tamaula kuwa ko kusa da fage ba ya zuwa. Sai na kafa turaku 4 na itacen dogon yaro, na karanta musu doka, na ce ga wasan da kowa zai kawo abin da ya iya.

Mako biyu ana wasa lafiya, har manya suna tsayawa kallo in sun taso daga fadama. A mako na uku, cikin hunturu, wani ɗan kokawa ya cafki wanda ya fi kowa iya tamaula, ya ɗaga shi, ya juya, ya maka shi da ƙasa. Bai karya dokar da na karanta musu ba, gama a ƙugu ya kama shi. Yaron ya kai hannu ɗaya zai dafa, hannun ya karye sama da wuyan hannu. Ni da kaina na goya shi a babur zuwa wurin mai ɗori a Aliero, gama kowa ya san garin da wannan sana'a. Da dare ubansa ya zo ƙofar gidana, ko zama bai yi ba, ya ce, "Malam, karatu nit turo shi ko kokowa? To, yanzu wa ka yi man ban ruwan albasa?" Lokacin kuwa ba a daɗe da gama dashe ba. Ban sami abin ce masa ba sai haƙuri. Yaron nan ya fi wata guda hannunsa na rataye, ba rubutu, ba aikin fadama.

Bayan wannan na koma na bincika tarihin wasan, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tun karon 1984 a ke dambe cikin fili. An dakatar da wasan bayan 1990, aka komo da shi a 1998. A 2006 mutum 82,127 suka cika filin Croke Park na Dablin, a gabansu aka kama wani ɗan Ailan aka wurgar, ya suma, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Fushin da aka yi ya sa ba a yi wasan a 2007 ba. Da za a koma a 2008 sai aka hana kamun wurgi, aka sa mai duba hoton wasan don ya tona laifin da alƙalai ba su gani ba, aka kuma yarda horon da aka yi wa mutum yana iya binsa har wasannin gida. Sai kuma wasu suka fara gunaguni, wai an cire wa wasan gishiri. Manyan 'yan wasan Ostareliya suka riƙa noƙewa, har a 2013 Ailan ta ci da maki 173 da 72 a karo biyu. Aka sake taɓa doka a 2014, aka ɗan sami daidaito. Bayan karon 2017 wasan ya yi dogon barci, wanda aka shirya na 2020 ma annobar korona ta hana.

To, jama'a, ga abin da na fahimta, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Masu rabon nan sun ƙidaya dokoki ne, ɗaya naka ɗaya nawa, ba su auna nauyinsu ba. Wanda bai saba da kewayayyar tamaula ba, in ya kuskure, maki ya rasa, gobe ya gyara. Wanda bai saba da kamu ba, in ya kuskure, ƙashinsa ne ke biya. Ta yaya za a ɗora waɗannan biyu kan sikeli ɗaya? Balle kuma ɗan wasan Ostareliya sana'arsa ke nan, albashi ya ke ci, kullum yana horar da jikinsa. Na Ailan kuwa ba a biyansa albashi, in an tashi wasa sai ya koma ajinsa ko gonarsa ko ofishinsa, kamar yadda yarona zai koma fadamar ubansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma abin da ɗan ƙasar kokawa zai gane kafin Bature. A fage mutum biyu suna fuskantar juna, kowa ya san kaye a ke nema, hannuwansu ba kome, ƙasa kuwa rairayi ce. Amma mai tamaula hannunsa a cike ya ke, idonsa na kan raga, sau da yawa ta baya a ke zo masa. Ka da irin wannan mutum ba gwaninta ba ce.

Duk da haka ban yarda a soke kamu ba. In aka soke shi, wasan ya koma na mutanen Ailan tsantsa, baƙo ba shi da abin da ya kawo, a wurina kuwa 'yan kokawa za su koma gindin bishiya su zauna kamar da. Abin da na yi, bayan na yi shawara da wani tsohon ɗan kokawa na garinmu, shi ne na raba riƙo da kayarwa. A kama mutum tsakanin kafaɗa da ƙugu, a riƙe shi tsaye, alƙali ya ƙidaya uku da ƙarfi. In bai rabu da tamaula ba, sai a ba wanda ya kama shi. Wanda ya raba ƙafar ɗan'uwansa da ƙasa kuwa ya fita, ba a maye gurbinsa, kuma ba ya wasa mako mai zuwa. 'Yan kokawa suka ce na rage musu. Na ce gaskiyarku, zan biya ku, amma da irin kuɗin da wasa ya sani. Kowane riƙo mai tsabta na ba shi maki 1. Tun ran nan wanda ya fi kowa iya riƙo ya zama abin nema wurin zaɓen 'yan wasa.

Da za a ji tawa a Dablin da Melbon, da haka zan ce su yi. In an sassauta kamu, a biya mutanen Ostareliya da abin da ba ya karya kowa, ko da kashi ɗaya cikin huɗun nan a buga shi da tamaularsu mai siffar ƙwai, su ma masu gida su ɗanɗana rashin sabo. Batun alƙalai biyu, ɗaya daga kowace ƙasa, shi ma ina da ja a kansa. Na gwada shi da manyan ɗalibai biyu, kowa usur ɗinsa sai ya riƙa karanta doka da harshen gidansu. Yanzu ni kaɗai ke hurawa, in na yi kuskure kowa ya san wanda zai zarga.

Saura ɗaya da ba a rubuta shi a doka. Kafin kowane wasa muna ɗaukar minti 10, 'yan kokawa su koya wa 'yan tamaula yadda a ke faɗuwa kan kafaɗa ba tare da miƙa hannu ba, su kuma su koya musu bugu da gefen ƙafa. Wanda ya yi kayen nan shi na sa ya fara koyarwa.

Hannun yaron ya warke, amma ubansa bai yarda ya koma fili ba tukuna, ni kuwa ban matsa ba. Shi ke riƙe mana alli da allo yana rubuta maki. In akwai malami a Jega ko Maiyama da ke son ya gwada wannan doka, ina roƙonsa ya amsa ta cikin jaridar nan, mu sa rana bayan an cire albasa, yaransa da nawa su kara.

Haza wassalam.

Naka,
Malamin Makaranta,
Kashin Zama.