Malam-buɗe-littafi da tumfafiya

Bara na sare dukan tumfafiyar da ke bayan gidanmu a Maraɗi, domin a ganina ba ta da amfani. Da damina ta sauka, sai na daina ganin wani malam-buɗe-littafi da na saba da shi: mai fukafukai ruwan goro, gefensu baƙi da ɗigon fari, na bayan kuwa fari ya rinjaye su. Ashe a ganyen tumfafiya macen take saka ƙwai. Tsutsar da ta fito ta ci ganyen, dafinsa ya zauna a jikinta, tsuntsaye su ƙyale ta.

Bana na bar kututture uku sun toho. Kullum da safe ina juya ganye ina dubawa. Jiya na ga ƙwai guda, bai kai ƙwayar gero ba.