Kiran dila ya fi harbinsa wuya

Duk wanda ya tashi a Gabukka kafin a ƙirƙiro jihar Gombe a 1996 ya san daji bai yi mana nisa haka ba. Da magariba ta yi, kukan dila har cikin gida ake jinsa. Yau sai mai kiwo a bayan gari ne ke ba da labarinsa, galibi bayan ya rasa ɗan akuya. Daga nan sai ka ji samari suna cewa a ɗauko bindiga. To, ga abin da na koya a hannun Baffana, wanda ya yi farauta har gemunsa ya yi fari.

Ba a bin dila, kiransa ake yi. Baffa kan tsotsi bayan hannunsa ya fitar da wata 'yar ƙara kamar ta zomon da tarko ya kama, ya yi sau uku ko huɗu, sai ya yi tsit. Shirun nan shi ne aikin. Dila ba ya zuwa kai tsaye. Sai ya zagaya ta inda iska za ta kai masa warin mai kiran. In ka zauna iska na kaɗawa daga kanka zuwa cikin daji, wallahi ko ƙurarsa ba za ka gani ba. Ba banza ake ce masa malamin daji ba. Na taɓa tambayarsa, "Baffa, in bai zo ba fa?" Ya ce, "Ya zo, yaro. Kai ne ba ka gan shi ba."

A Amurka ma akwai ɗan'uwansa da suke kira koyoti, kuma da kukan zomon suke yaudararsa, sai dai su na'ura ke yi musu kukan.

Batun bindiga kuwa, nan ne na fi damuwa. Baffa adaka ya riƙe: albarushi ta baki, tsumma, sannan ƙananan ƙwayoyin dalma. Bai taɓa yarda da guntun rodi ko ƙusa da wasu ke ɗurawa ba, don su ke fasa bakin bindiga su tafi da yatsun mai ita. Mai bindigar harsashi, lamba 12 mai ƙwayoyin BB ta ishe shi, kuma kada ya harba in dila ya wuce taku arba'in. Harsashi mai ƙwaya ɗaya yana tafiya nesa ƙwarai, ga shi inda muka sani da daji yanzu duk fulotai ne, da almajirai masu neman itace.

Sai takarda. Dokar makamai ta 1959 ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko da adaka ce ba tare da lasisi ba. Bayan abin da ya sami mafarauta 16 a Uromi cikin Maris 2025, ba na jin akwai uban da zai so ɗansa ya fita da bindiga cikin dare ba shaidar komai a aljihu.

In kuma an kashe dilan, kada yara su taɓa shi da hannu, yana iya ɗauke da ciwon haukan kare. Ni dai nawa awakin, garke na ɗaga musu da langalanga, na rufe ƙasansa da duwatsu. Tun bara ban rasa ko ɗaya ba.